Ƙwan Fitila a Leɓen Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi shekara talatin da huɗu yana gyaran wayar mota a gareji ɗaya, a kan benci ɗaya da ke jingine da bangon banɗaki. Lalube ake ce masa, don da hannu yake neman matsala. Sai ya cusa yatsu cikin inji ya bi damin wayoyi yana taɓawa yana ja, har ya tsaya a kan wadda ta mutu. Kayan aikinsa kaf ba su cika gwangwanin madara ba: filaya, reza, salatif, da ƙwan fitila mai wayoyi biyu da yake gwada wuta da shi. Shi ya koya mini sana'ar, kuma ban taɓa jin ya ce na yi daidai ba. In na yi kuskure ya ƙwala mini filaya a ƙashin hannu, in na gyara ya ce motar ce ta ji tausayina.

Da na girma na ajiye iyali, sai na sayi na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari ta karanto abin da ke damun mota. Kawu ya sa mata suna 'yar gulma. Ana haka mai gareji ya ce zai kafa injin ɗaga mota a gefenmu, wurin mai gyaran waya ɗaya kawai zai rage. Ko ni ko Kawu, kafin ƙarshen wata.

Akwai abin da na sani wanda mai gareji bai sani ba. Wata rana na ga Kawu ya jona ƙwan fitilarsa, ya waiga hagu da dama, sannan ya kai shi leɓensa na ƙasa yana jiran ɗumi. Hasken ƙwan ma ya daina gani. Ban gaya wa kowa ba, kuma ba don tausayi ba. Ajiyewa na yi.

A satin ƙarshe wata malamar asibiti ta kawo motarta, fankar lagireto ba ta juyawa, inji na tafasa. Na jona na'ura, ta fito da lamba, ma'anarta wuta ta yi yawa a layin da ƙwaƙwalwar mota ke kunna fanka da shi. Na canza fis, na canza rile mai sakar wa fanka wuta, na ciro fankar gaba ɗaya na sa wata. Na goge lambar, ta dawo kamar ba a yi komai ba. Kwana biyu ina zufa, malamar na tsaye da jaka a hammata tana duba agogo.

"Ƙwaƙwalwar ce ta ƙone," na ce wa mai gareji. "Sai an sake ta."

Daga kan benci Kawu ya ce, "Me 'yar gulmar taka ta ce?"

"Ta ce wuta ta yi yawa."

"To ba yawa ta yi ba, hanya ta rasa. In ka toshe bakin tiyo ai kumbura yake yi. Waya ce ta tsinke, wutar ta tsaya cik. Matsa, sakarai."

A gaban malamar ya faɗa, a gaban makanikai. Ya taso yana ƙirga takunsa yadda ni kaɗai na lura, ya zura hannu bayan batir. Ko minti goma bai yi ba ya zaro wata siririyar waya. Daga waje lafiyarta ƙalau. Ya ja ta a hankali, sai ta miƙe kamar ɗanko, don ƙarfen da ke ciki ruwan batir ya cinye shi, robar ce kawai ta rage. Ya fere ta da reza, ya haɗa, ya naɗe. Aka tayar da mota, jim kaɗan fanka ta ɗauka. Mai fentin garejin har da tafi.

Mai gareji ya dube ni, na san bencin ya kuɓuce mini. Raina ya yi baƙi ƙirin, na juya wurin Kawu.

"Kawu, sannu da aiki. Wace kala ce wayar? In rubuta a katin aiki."

Yatsunsa na kan wayar suna murza ta.

"Ja ce," ya ce.

Koriya ce shar. Na ɗauki ƙwan fitilarsa na jona a batir, na ɗaga shi daidai fuskarsa.

"Wannan fa, a kunne yake ko a kashe?"

Kowa na ganin ƙwan yana ci. Kawu ya miƙo hannu zai karɓa, na janye. Leɓensa na ƙasa ya motsa. Wani daga cikin makanikai ya yi dariya, sai ya mayar da ita tari. Malamar ta riƙe baki ta ce, "Yanzu makaho kuka bari ya taɓa mini mota?" Fankarta na juyawa a bayanta lokacin da take faɗin haka.

Mai gareji bai yi dogon bayani ba, ya ce ba zai ɗauki alhakin gobara ba. Kawu bai roƙi kowa ba, bai kuma zage ni ba, alhali zagin na fi so ya yi. Ya tattara gwangwaninsa ya bi bango ya fita. Mahaifiyata ta yi wata huɗu ba ta amsa gaisuwata.

Yanzu Kawu a ƙofar gida yake wuni a kan kujerar roba. Bencin nawa ne, an ma yi masa fenti. Sai dai lambar nan ba ta daina zuwa ba, kuma na'ura layin kawai take faɗa, ba ta nuna inda ya tsinke. In mota ta gagare ni, nakan ce wa mai ita zan je gwaji a titi, in tuƙa ta zuwa ƙofar Kawu in buɗe bonet. Ba ya tambayar komai. Yakan tashi da sauri har kujerar ta faɗi, don hannunsa na ƙaiƙayin aiki, ni kuma na san haka. Ya lalubo wayar ya miƙo mini, in koma gareji a ce kaina na ja.

Makon jiya da ya gama, ya tsaya riƙe da wayar bai sake ta ba.

"Ɗan ƙanwata, wannan wace kala ce?"

Na ce masa shuɗiya.

"To rubuta a kati," ya ce, ya juya yana neman kujerarsa da ƙafa.