Magen Da Na Sa A Buhu

A Kusasu na girma, a hannun kakata Inna Lami. Lokacin girbi, in an ci tuwon yamma, sai ta ƙara itace a murhu, mu zagaye ta muna gasa gyaɗa. Tana da wata mage mai suna Toka, kullum tana kan cinyarta. Na tsani magen nan, don a wurin nake so in ɗora kaina. Na sha taka mata wutsiya da gangan.

Ranar da Inna ta kama ni, ba ta dake ni ba. Cewa ta yi, "Matso nan, maigidana. Tatsuniyar yau taka ce, ga ta nan."

Wai wata tsohuwa ce a bakin dajin Kamuku, 'ya'yanta duk sun tafi birni, sai ita sai magenta. Kullum da yamma tana ba ta labarin yini: wanda ya gaishe ta, da yadda gwiwa ta dame ta. Da babban ɗanta ya zo ya tarar magen ta lashe man shanu, sai ya sa ta a buhu don kada ta gane hanya, ya kai ta ƙetaren rafi. Ya saya wa uwarsa zane da shinkafa. Amma daga ranar maganar tsohuwa ta fara ƙafewa, har ya zama ko an gaishe ta sai dai ta ɗaga hannu.

Na ce, "Inna, mage ai ba ta amsawa."

Ta ce, "Kai mai amsawar, yaushe ka taɓa zama ka ji ni in ba tatsuniya ba?"

Aka yi ta dariya. Ni ma na yi, na manta.

Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu muka koma cikin Birnin Gwari, 'yata Rahila, mai shekara shida, ta daina magana. Ta tsinci 'yar mage a bayan ɗakin da muke haya. Ni kuwa raina kullum a ɓace yake. Ranar da magen ta ɓarar mana da miya, na sa ta a buhu, na hau babur, na yar da ita bayan kasuwa.

Da na dawo matata ta ce, "Baban Rahila, ka san da magen nan take hira in ba kowa? Jiya na ji tana gaya mata sunayen awakinmu da muka baro."

Ban sani ba. Ban taɓa zama na saurara ba.

Kwana biyu ina nema kafin na same ta ƙarƙashin teburin wani mahauci. Ta yakushe ni, ban ga laifinta ba. Rahila ta karɓe ta, ta juya mini baya, ta ce da ita, "Baba ne ya kai ki, ko?"

Wata huɗu rabona da jin muryarta. Na durƙusa na ce, "Ni ne. Ku yafe mini."

Na daɗe ina zaton don wutsiyar Toka Inna ta yi tatsuniyar nan. Ashe ɗan tsohuwar take nuna mini, mai kawo shinkafa ya kuma ɗauke abokin hira. Yanzu in Rahila ta zauna da magenta da yamma, nakan jawo tabarma kusa, in saurara. Wani lokacin har da ni take sawa a hirar.