Indararon Direba

Kafinta ne, amma a unguwa an fi saninsa da sulhu fiye da zarto. Tun da kotu ta fara mayar da ƙananan ƙararraki hannun kwamitin unguwa, shi ake sawa a gaba. Ranar Asabar sukan zauna a wani aji na makarantar firamare, dattawa a kan bencinan yara, gwiwa na neman haɓa. Shi ba ya cewa wane ne mai laifi. Yakan saurara har mutum ya gaji da magana, sannan ya raba laifin biyu, kowa ya ɗauki rabinsa ya tafi. Alfaharinsa a duniya shi ne maganar da ta zo gabansa ba ta taɓa komawa kotu ba.

Matarsa takan ce, "Kai ko kura da akuya aka kawo maka, cewa za ka yi akuya ma ta rage kuka."

Ana gab da damina wata mai kitso ta kawo ƙara. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗaki ɗaya da yara. Maƙwabcinta, direban babbar mota, ya ɗaga gininsa ya juyo bakin indararo kan bangonta na ƙasa.

Ta ce, "Baba, tun bara bangon ya tsage, hannuna yana shiga. Ya kawar da indararon kawai, bayan wannan ba abin da nake nema."

Direba ya yi dariya. "Ruwan sama ne fa, Baba. Ni nake aiko shi?"

Kafinta ya san tsagar, kullum ta nan yake bi zuwa shago. Amma bai saba sallamar mutum da kunya ba. Sai ya ce direba ya gyara in ya dawo daga tafiya, ita kuma ta daina aika masa baƙar magana ta bakin yara.

Ta ce, "Yaushe zai dawo?"

"'Yata, a yi haƙuri."

"To ni zan koma kotu."

Sauran dattawan suka dubi juna. Kafinta ya sassauta murya. "Ki kai maƙwabci gaban alƙali? Gobe in zazzaɓi ya kama ɗanki, alƙalin ne zai kai shi asibiti?"

Ta sunkuyar da kai, ta ce shi ke nan.

Direba ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya. Kafinta ya sha jawo tsani da guduma, don aikin bai taka kara ya karya ba. Sai ya tuna taɓa ginin mutum a bayan idonsa ɗaukar ɓangare ne, ya mayar ya ajiye.

Da ruwa ya kankama, bangon ya zauna, ɗakin ya rufta. Allah ya taƙaita da rana ne, yara suna makaranta, ita tana kitso a maƙwabta. Kafinta ya iske ta tana tono tukwane daga laka, katifa jingine a waje tana ɗiga. Ta gaishe shi kamar kullum, har da durƙusawa.

Ya ce, "Ranar Asabar zan sa a kira shi. Wannan karon..."

"A bar shi, Baba. Wane bangon za a zauna a kai? In da hali a samo min mai amalanke, gidan yayana za mu koma."

Ya juya ya tafi neman mai amalanken.