Ranar da Na Kai Goron Riƙon 'Yata Gidan Baturiya

Na fara tsufa, har nakan sa tabarau a goshi in yi ta neman sa a ɗaki, amma akwai wata Lahadi da ko me zai zube daga kaina ita dai tana nan daram. Ita ce ranar da na sayi goro, na sa kawuna a gaba, na ja hannun 'yata, muka shiga jirgin ƙasa daga Bronx da niyyar in ba wata tsohuwar Baturiya riƙonta. Ku yi dariyarku, ni ma yanzu dariyar nake yi. A lokacin kuwa gani nake duk New York ba wanda ya kai ni dabara.

A shekarun nan a unguwar Tremont ta Bronx muke zaune, hawa na huɗu, ɗaki da falo, daga ni sai ita, don babanta ya rasu tun tana ƙarama. Shekararta goma sha biyu, ga kai, musamman a lissafi. Hausa tana ji sarai, amma ko me ka ce mata da Turancin nan nasu na hanci za ta mayar maka. A makarantarsu malamai na iya ƙoƙarinsu, sai dai aji ya cika maƙil. Kullum ta dawo sai ta ce ta gama aikinta tun da wuri, ta zauna tana kallon taga. Wannan kallon tagar shi ya hana ni sukuni.

Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Wadda nake dubawa a lokacin tana wani gari na masu hannu da shuni a bayan birni, tafiyar minti arba'in a jirgi. Ta haura tamanin, ƙafa ta ƙi, amma baki lafiyarsa ƙalau. Ba abin da take tsine wa kamar harajin gida. A irin garuruwan nan, da harajin gidajen mutane ake riƙe makarantar gwamnati, kuma duk watan Mayu sai mazauna gari su je su kaɗa ƙuri'a a kan kasafin kuɗinta, ko e ko a'a. Tsohuwar da nake dubawa 'yar a'a ce tun fil azal. Ranar ƙuri'a ta sa jan baki, ta ce in tura ta a kekenta mu je ta ƙi.

Wallahi da muka shiga makarantar, inda ake kaɗa ƙuri'ar, na zaci otal ne. Ga kududdufin ninkaya a cikin gini, ga ɗakin karatu da darduma har bango, ga wani ɗaki cike da gogen Turawa a jere. Na ce ikon Allah, a garinmu yaro ya taɓa goge sai ya sha duka, nan kuma gwamnati ce ke koya masa. A bangon zaure an liƙa tutoci ƙanana birjik, tsohuwa ta ce sunayen jami'o'in da 'yan ajin ƙarshe suka samu ne, kuma da wuya ka ga wanda bai wuce ba.

Na sunkuya na ce, “Madam, nawa ake biya a zango?”

Ta ce, “Ko sisi. Ta gwamnati ce.”

“Irin ta 'yata? Kyauta?”

Sai ta buga hannun keke. “Kyauta a gidan wa? Ni nake biya! Shekara talatin rabona da ɗa a makarantar nan, amma har yau ni nake sayen gogen 'ya'yan mutane.”

To, a nan Shaiɗan ya same ni. Ita tana biyan kuɗin kujera ba ta da mai zama, ni ina da mai zama ba ni da kujera. Dokarsu kuwa ita ce sai yaron da ke zaune a garin. Na san wasu 'yan uwanmu da ke aron adireshi a ɓoye, ƙarshenta a biyo yaro har gida a kunyata su. Na ce ni ba ɓarauniya ba ce, ta ƙofar gaba zan shiga. Ai mu muna da hanya tun kaka da kakanni: in makarantar kirki tana wani gari, sai ka kai yaro riƙo wurin wanda ke can. Ni kaina ina shekara tara aka kai ni Kano wurin goggona don karatu, ga ni kuma na zama mutum.

Na kai maganar wurin ƙanen mahaifiyata, wanda ke tuƙin tasi, rabin rayuwarsa a layin jiran fasinja na filin jirgin sama na JFK. Kawu ya ce, “Madalla! Amma ba a ba da 'ya a tsaye. Sai an je da goro, babba ya yi magana.” Ya haƙura da aikin Lahadi guda, ya fito da babbar rigarsa mai aiki har ciki. Na je shagon wani mutumin Nijar na sayo goro farare manya, da dabino, da turmin atamfa. Na ce wa tsohuwa iyalina za su zo gaishe ta. Ita kuma yarinya ce mata na yi gaisuwa za mu, ta sa kayan sallarta, ta ɗauko takardar sakamakonta. Abin da ban yi ba guda ɗaya ne, kuma ko a raina bai zo ba: ban gaya mata abin da za mu yi ba. Wa ya taɓa shawara da yaro a kan riƙo?

Muka tarar da tsohuwa ta ci ado a falo. Kawu ya ƙi kujera, ya naɗe ƙafa a kan darduma, ya ce magana mai nauyi irin wannan ba zai yi ta da Turancin tasi ba. Da Hausa zai yi, a fassara. Wa ya fi mu Turanci? Sai muka sa yarinya a tsakiya ta zama tafinta.

Kawu ya fara. Ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya iyali, yaya ƙarfin jiki, yaya muka ji da sanyin bana. Yarinya tana juyawa tana ƙunshe dariya, tsohuwa tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, har ta gaji ta ce, “Wai likita ne?” Aka miƙa mata goro. Ta juya shi, ta ɗauka wani abin marmari ne, ta gatsa da ƙarfinta. Jama'a, ban taɓa ganin fuska ta tattare wuri guda irin ta ranar ba. Amma da yake mace ce mai taurin kai, ta tauna ta haɗiye, hawaye na zuba, ta ce, “Da daɗi.” Kawu ya dube ni ya gyaɗa kai, wato magana ta karɓu.

Daga nan ya gyara murya ya shiga gundarin zance. Ya yabi tsohuwa, ya yabi makarantar garinsu, ya miƙa takardar sakamako. Tsohuwa ta sa tabarau ta duba, ta ɗaga gira ta ce wannan yarinya ba wasa. Yarinya ta fassara yabon kanta tana sunne kai. Sai Kawu ya ce, “Don haka ga ta nan mun kawo miki. Mun ba ki ita, ki riƙe ta kamar 'yar cikinki. In ta yi daidai taki ce, in ta yi ba daidai ba taki ce.”

Tafinta ta ƙi fassarawa.

Na zungure ta na ce, “Faɗa mata mana.” Ko motsi. Na ce a raina kunya ce, sai na karɓa da nawa guntun Turancin na yi bayani. Tsohuwa ta saurara, kuma abin mamaki ba ta yi dariya ba. Ta ce in ana so makaranta ta yarda, ba maganar baki ba ce. Sai yarinya ta tare a gidan da gaske, nan za ta kwana nan za ta tashi, a je kotu a rubuta cewa ita ce mai riƙonta. Ta ɗan yi tunani, ta ce, “Akwai ɗaki a sama ba kowa. Kuma na gaji da biya wa 'ya'yan da ban sani ba. Na yarda.”

Daɗi ya kashe ni. Har na fara hango 'yata da goge a kafaɗa. Kawu ya ɗaga hannu za a shafa fatiha, ni ma na ɗaga. Sai na ji an ja gefen mayafina.

“Mama, ba da ni za ki yi? Me na yi miki?”

Da Hausa ta faɗa. Hausar a karkace, harshe na tuntuɓe, amma Hausa ce, kuma rabon da in ji jimla guda daga bakinta da harshenmu har na manta. Ba ta so Baturiyar ta ji, da ni kaɗai take.

Ban san lokacin da hannuna ya sauka ba. Sai ga ni ina shekara tara a bayan motar Kano, ƙullin kayana a cinya, innata tana tsaye a bakin hanya tana ƙara ƙanƙancewa. Tambayar nan ce a bakina ranar, ita ce kuma na yi shekaru ina kwana da ita a ɗakin goggo, ban taɓa samun bakin yin ta ba. Kullum ina cewa riƙo ya mai da ni mutum, na manta kukan da na sha kafin in zama mutum ɗin. Na rungume 'yata a falon mutane na fashe da kuka, kuka mai majina, ba na 'yan gayu ba.

Kawu yana nan hannu a sama, ya rasa ko ya shafa ko ya sauke. Tsohuwa ba ta jin Hausa ko kalma, amma ta dube mu ta ce, “Ba wanda ya tambayi yarinyar, ko?” Na girgiza kai. Ta ce, “To kun fi ni wauta, ni da na ci wannan abin mai ɗaci.”

Kawu dai ya ce shi bai taɓa jin inda aka ci goron magana sannan aka ce ba a yi komai ba. Aka yi ta ja, wannan karon har da yarinya a ciki, aka tsaya a kan riƙon Asabar. Duk Asabar in kai ta, ta wuni cikin littattafan tsohuwa suna gardama, da yamma in ɗauko abata. Sannan Kawu ya samu ya shafa fatiharsa, hannu duk ya sage.

Makarantar masu kududdufi dai 'yata ba ta shige ta ba. A Bronx ta ci gaba, daga baya ta zauna jarabawar makarantun haziƙai na cikin birni ta samu guda, ba ninkaya ba goge, tana fita da sassafe tana dawo min da yamma. Da watan Mayu ya zagayo na sake tura tsohuwa zuwa ƙuri'a. Na tambaye ta me ta kaɗa, ta ce sirri ne, ba ruwana. Amma har muka je muka dawo ban ji ta tsine wa kowa ba. Ta rasu bayan 'yan shekaru, atamfar nan tana shimfiɗe a ƙafafunta har ƙarshe.

Yanzu 'yata ta girma, kuma duk ranar da na dame ta da faɗa sai ta ce, “Mama, ko a sayo goro ne?” Mu yi dariya. Amma ni na san abin da na koya a falon nan. Na duba ginin makaranta, na duba tutoci, na duba harajin tsohuwa, ban dubi fuskar wadda nake yi domin ta ba. Tun daga ranar, ko wane irin alheri zan yi wa yaro, sai na zaunar da shi na tambaye shi, na kuma yi shiru har ya gama amsawa.