Hajiya da Mai Raba Takardun Talla

Jama'a, yau Hajiyarmu ta burge ni! Ta ritsa mutumin da ke zuro mana takardun tallan makarantun kuɗi ta ƙarƙashin ƙofa a Limawa. Kowacce da bisimilla a samanta, shi ya sa Hajiya ta hana a zuba su a shara, har suka cika buhu.

Ta miƙa masa ɗaya, ta ce, "Ɗan nan, karanta min da bakinka."

Ya karanta tsaf.

"To, na ji. Riƙe abarka, kar sunan Allah ya ƙare a kwata. Ga 'yan'uwanta ma."

Wallahi da buhun ya tafi a babur, yana ba ta haƙuri!

Ku fa, ina naku suke ƙarewa?