Tatsuniyar da Kaka Ta Ƙarasa a Toka

Duk hutun makaranta Baba yakan ɗauke ni daga Jushi ya kai ni Samaru wurin Kaka. Da magariba, in ta sauke tuwo, mu jikoki mukan zagaye murhu. Ni ba mai magana ba ce, kallo ne nawa. Ina lura da yadda take jan tsinke a toka tana zana duk abin da ta faɗa. Shi ya sa take ce mini Mujiya.

"Mujiya, rage idanun nan, buɗe kunne. Ga ta nan ta iso."

Ran nan ta ɗauko tatsuniyar 'yan biyun da aka aika nemo wa uwarsu magani. Hassana ba ta manta magana, amma ba ta gane hanya. Usaina gani ɗaya take wa hanya ta riƙe, amma saƙo ba ya zama a kanta. Suka yi faɗa a mararraba, kowacce ta kama gabanta.

"Sai Hassana ta..." Kaka ta yi shiru. Tsinken ya faɗi daga hannunta na dama. Sauran yara suka yi dariya, a zatonsu wasa ne. Ni kaɗai na ga bakinta ya karkace. Ban san ina da murya haka ba sai da na ji ihuna.

A asibiti likita ya ce wa Baba jijiyar jini ce ta toshe a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, inda kalmomi suka fi zama. Na dama, mai riƙe fuska da hoto da hanya, bai taɓu ba. Ashe Kaka ta san fuskata sarai, sunana ne ya ɓace mata.

Muka dawo da ita Jushi. Wata biyu babu tatsuniya. Sai wata magariba ta jawo ni bakin murhu, ta ɗauki tsinke da hagu, ta fara zane a toka. Mararraba. 'Yan mata biyu. Ta haɗa hannuwansu da layi ɗaya, ta zungure ni.

Na ce, "Sun shirya? Usaina ta nuna hanya, Hassana ta faɗi saƙo?"

Ta gyaɗa kai, ta zana kwalbar magani.

Sai da na girma na gane mu ne muka zama 'yan biyun, ita hoto, ni baki. Har ta rasu ba ta sake furta sunana ba. Amma kullum kafin mu fara, takan zana manyan idanu biyu a toka, ni kuma in ce, "Na'am, Kaka."