Alƙalamin Kara a Kan Gilashi

Mun tashi da asuba daga Yamai ranar Laraba, ko shayi ban tsaya sha ba, ni da wani maƙwabcina na kasuwa. Ku da kuke bibiyata kun san sana'ata, sayar da odinata, wato kwamfuta, da tablet, sababbi da na hannu. Shi kuwa gyara yake yi, rumfarsa na jikin tawa, kuma mun yi shekara da shekaru kan musu ɗaya. Ni na ce nan gaba kaɗan kilabiye, maɓallan nan da ake buga rubutu da su, zai zama tarihi, kowa da yatsa zai riƙa ba na'urarsa umarni. Shi ya ce gilashi dai gilashi ne, da fashewarsa yake ciyar da iyalinsa. Da ya ji zan je gida da tablet a jaka, sai ya ce zai raka ni don ya ga kunyata da idonsa, kada a ba shi labari.

Bari in faɗa muku abin da ya tashe ni. Kakana, wanda aka sa mini sunansa, ya bar wasu takardu cikin gafaka, ya rubuta su da hannunsa da ajami. A ciki akwai labarin yadda mutanenmu suka zo ƙasar Yelu suka sari daji, da wa ya haifi wa, da iyakar gonaki daga wace giginya zuwa wace. Kowace shekara in an kai gero rumbu, dangi kan taru ranar Juma'a a ƙofar gidanmu, Baba ya karanta, a yi addu'a, a ci tuwo. Rubutun kaka ƙanana ne ainun, ga shi da nasa salon, in ba Baba ba babu mai iya fitar da shi. Ni lakkwal, wato boko, aka sa ni, na tsere wa allo tun da wuri. To bana sai Baba ya aiko cewa yanar ido ta rufe masa gani. Tabarau biyu da na aika ba su tsinana komai ba, likita kuma ya ce sai ta nuna kafin a yi aiki. Baba ya ce a taru a ci tuwo kawai. Saƙon nan ya tsaya mini a rai, don na san in aka tsallake shekara ɗaya, tsallake ta biyu ba wuya.

Hanyar Doso ba laifi. Wajen Kure kowa ya miƙa wuya ta taga yana neman raƙumin dawa, ba mu ga ko wutsiyarsa ba. A Doso muka karya da ƙosai na dala ashirin da kofi mai madara, ƙosan kuwa ya rame tun zuwana na bara, kuɗin ne kawai ya yi ƙiba. Daga nan muka yi kudu. Gudoron, wato kwalta, wani wuri sumul, wani wuri sai direba ya zaɓi ramin da ya fi masa sauƙi. Amma ido na shan daɗi, domin ƙasa tana ƙara kore, giginya na ƙara yawa, mata a bakin hanya da tiren muruci da rake an kankare shi fari tas. Abokin tafiyata ya sayi rake sanda guda, ya cika mana ƙafafu da tuka har Gaya.

Mai zuwa garinmu ba sai ya kai Gaya ba, tun a hanya ake ratsewa. Amma ban isa in shiga gida ba kifin gulbi ba, Inna ba za ta yafe mini ba. Gaya kuwa tana nan yadda na san ta, zafi mai ɗanko, kamiyo, manyan motocin kaya, jere kamar ba za su ƙare ba, 'yan kabu-kabu na kutsawa ta ko'ina. A taku goma za ka ji Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci, mai canjin naira na kiranka ta hagu, mai jirgin ruwa na kiran Malanbil ta dama.

A nan na fara shan kashi. Akwai wani mai fiton kaya da na sayar wa babbar odinata ta tebur, irin wadda ake taɓa gilashinta, na yi ta cika baki da ita a hanya. Muka shiga ofishinsa, sai na tarar ya tura ta can jikin bango, ya jona mata kilabiye, yana ta ƙwanƙwasa abinsa. Ya ce sati guda ya yi yana miƙa hannu sama kamar mai tsinkar mangwaro, kafaɗa ta ce ba ta san zancen ba. Ban da haka duk wanda ya shigo sai ya dangwala yatsa ya nuna kayansa, gilashin ya koma kamar faifan mai ƙuli-ƙuli. Abokina ya yi murmushin da na fi tsana.

Bakin gulbi na rama. Matar da muka sayi kifi wurinta, ragon ruwa manya biyu jika ɗaya da rabi bayan doguwar jayayya, tana da wata 'yar tablet mai tsagaggen gilashi a cikin leda. Ba ta taɓa shiga aji ba. Hannunta duk mai, sai ta lanƙwasa yatsa ta taɓa da gaɓa, ta ɗauki hoton kifi, ta danna fuskar mai sayenta na Doso, ta aika masa da murya. Na ce da abokina, wannan fa ko shekara za ta yi gaban kilabiye ba abin da za ta tsinta. Ya ce shi tsagar gilashin yake kallo.

Muka sami wata tsohuwar mota mai zuwa Yelu, mu da buhunan gishiri da tunkiya guda. Gab da magariba muka isa. Inna ta karɓi kifi kafin ta karɓi gaisuwata. Baba na zaune kan buzu, ya rame kaɗan, kuma sai da na yi magana ya gane ni. Abin ya taɓa mini zuciya ƙwarai.

Da hantsin Alhamis na roƙe shi ya fito da gafaka. Muka shimfiɗa farin zane a inuwa, na bi ganyen takardun ɗaya bayan ɗaya ina ɗaukar hoto, abokina na jera su kada su cakuɗe. Baba na gefe yana sauraren motsinmu. A gida ba a kama sunana saboda na kaka ne, Mai-suna suke ce mini.

"Mai-suna, wanga madubi naka shi za ya ara min ido?"

"In Allah ya so, Baba."

Ya ce to a ba shi buta, don shi ba ya taɓa rubutun mahaifinsa ba alwala, ko a takarda ko a madubi. Ya yi alwalarsa tsaf, ya zo da hannu yana ɗiga, ya ɗora kan gilashi. Na'ura ta haukace. Shafi ya yi sama, ya yi ƙasa, can sai ga fuskar Baba ta cika gilashin, gemu da komai.

"Wane na wanga tsoho?" in ji Baba.

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Malam, ai angona ne."

Na goge gilashin, shi kuma ya tsane hannu da jelar rawani. Na buɗe shafin farko, na sa yatsu biyu na ware su, baƙaƙen kaka suka kumbura har kowane ya kai girman ɗan yatsa. Baba ya matso da fuska. Sai na ji ya karanta layin farko da murya, tiryan-tiryan. Inna ta ajiye faifan da take sheƙar gero da shi. Ni kuwa na waiwaya na dubi abokina, kallon da na tanada tun daga Yamai.

Ashe na yi saurin murna. Baba, kamar duk wanda ya tashi a gaban allo, da yatsa yake bin layi. Yana ɗora manuniya ƙarƙashin kalma ya ja, sai shafin duka ya biyo yatsan ya gudu. Na dawo da shi, ya sake, ya sake gudu. Na ce ya karanta ba yatsa. Ya gwada, kalma uku ya ɓace, don idon da hazo ya rufe ba ya riƙe layi shi kaɗai. Abokina ya ce a kulle gilashin ya daina jin taɓi. Muka kulle, amma da yake an ƙara girman rubutun, rabin layi kaɗai ke fitowa, dole sai an ja kafin a ga sauran. In an buɗe ya gudu, in an kulle ya tsaya cik. Muka yi ta fama har rana ta take tsaka.

Daga ƙarshe Baba ya tura mini tablet ɗin a hankali.

"Shekara sittin yatsana na gaba, idona na biye. In na ɗauke shi na ɓace. Ɗauki abinka, ka yi ƙoƙari. Allah shi yi ma albarka."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na zauna da na'urar a cinya. Gobe Juma'a, an riga an jiƙa gero, dangi na hanya daga garuruwan Bana da Kamba. Abokina da ya zo kallon kunyata ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa.

Inna ta koma sheƙarta, iska ta kwaso ƙaiƙayi ta zuba kan gilashin. Ita tsoron taɓa shi take, tun da ta ga abin da ya yi wa mijinta, sai ta zari tsinken tsintsiya ta matso tana ture ƙaiƙayin. Ta ture na farko, ta ture na biyu, sai ta tsaya. Ta ja tsinken daga wannan gefe zuwa wancan. Rubutu bai motsa ba.

"Abin ga mutum yaka ji," in ji ta, "bai jin tsinke. Malam, ina alƙalamin mahaifinka da ke ƙasan gafaka?"

Abokina ya dafe kai. Shekara nawa yana gyaran gilashin nan, ya san sarai fata yake ji ba ya jin busasshen kara, kullum ma a matsayin aibi yake faɗar haka. Ni ma na sani. Mu biyu da iliminmu muka wuni, mai sheƙar gero ta warware.

Baba ya lalubo alƙalamin, na karan dawa, ya yi baƙi don tsufa. Ya ɗora bakinsa ƙarƙashin kalma ya ja, shafi ya tsaya masa kamar takarda. Da ya kai ƙarshen abin da ke fitowa, na nuna masa ya sa ɗan yatsan hagu ya jawo sauran. Kafin la'asar ya ƙware, kara na bin layi, yatsa na jan shafi, har yana ce mini in matsa ina tare masa haske.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ƙofar gida ta cika. Da Baba ya fito da gilashi maimakon takarda, wani baffana ya yi gyaran murya irin ta rashin yarda. Amma da karatu ya kankama kowa ya nutsu. Aka zo kan iyakar gonaki, tsofaffi biyu suka taso da gardamar giginyar da suke yi duk shekara, aka yi dariya aka wuce. Aka zo kan sunayen waɗanda suka riga mu, wata gwaggota ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni ina gefe ina naɗar muryarsa a wayata, ina murna kamar ni na rubuta. Baba ya kai har ganyen ƙarshe bai tsaya ba, aka shafa, aka kawo tuwo da miyar kifin Gaya.

Da safe muna haramar tafiya ya kira ni. Ya riga ya sa tablet ɗin cikin gafaka tare da takardun, ƙaramin panon hasken rana da na zo da shi don ya riƙa ba ta wuta kuma Inna ta karɓi riƙonsa. Ya miƙo mini sabon alƙalami da ya fiƙe da kansa, da lalube.

"Madubinka ya ara min ido bana. Baɗi fa, in idon ya ƙare duka? Shi madubi bai iya karatu ba, Mai-suna."

Na karɓa da hannu biyu.

Mun iso Yamai bayan isha, da buhun gero da ƙullin muruci. A mota mun raba gardamarmu biyu. Na yarda babbar odinata ta ofis za ta daɗe da kilabiyenta, don kafaɗa ba ta son miƙo. Shi kuma ya yarda abin da ake riƙewa a hannu, wanda mai kifi da tsoho mai yanar ido za su iya ja da yatsa, gabansa a buɗe yake, ya ƙara da cewa Allah ya sa su riƙa faɗuwa. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne in riƙa duba hannun mai saye kafin in yabi na'ura, in ga jiƙe yake ko da mai, da abin da ya saba yi tun yana yaro.

Hotunan takardun suna cikin tawa tablet ɗin, muryar Baba na cikin waya. Yanzu kullum kafin in buɗe rumfa nakan zauna in kunna muryar, in bi rubutun da alƙalamin kara, maƙwabcina na leƙowa yana tsokanata wai ɗan lakkwal ya koma allo da furfura. Sati biyu ban tsinci komai ba. Shekaranjiya, a ƙasan ganyen ƙarshe, inda kaka ya sa hannu, na haɗa baƙi huɗu da kaina ba tare da murya ba. Sunana ne. Na kira gida, Inna ta kai wa Baba waya, na faɗa masa. Ya ce, "To, saura ganye arba'in."