Mai Shelar da Ba Ya Ɗaga Murya a Gangare

Shekara ashirin da shida Alhusaini yana yi wa magajin gari shela a garinmu, can tsakanin Buza da Karofane. In za a yi taron jama'a, sakatare kan manna takarda da Faransanci a bangon ofis, awaki su ci rabinta kafin la'asar. Mai tara mutane dai Alhusaini ne. Da can da ganga yake zagaya gari, daga baya aka ba shi amsa-kuwwa mai batir. Ya faɗi rana, ya faɗi wuri, ya faɗi dalili, sau uku a kowace mararraba, ba ƙari ba ragi.

Wuri ɗaya ne ba ya shela, unguwar Gangare, inda surukarsa Hindatu take. Ɗan mutunci ba ya ɗaga murya a ƙofar surukai, shi kuwa aikinsa ke nan. Don haka da ya iso rijiyar unguwar sai ya kashe amsa-kuwwa, ya sunkuyar da kai, ya wuce sumui-sumui. Labari bai taɓa wuce su ba, domin matarsa Cima kan je gidan uwarta da marece ta faɗa, ya bazu gida-gida. Ofis bai san da wannan tsari ba. Mu da muka sani dariya kawai muke yi.

Cima ta rasu bara da kaka. Bayan wata huɗu aka kira taro kan burtali, hanyar da shanu za su bi su sauka fadama, aka ce duk mai gona ta wannan gefen ya zo ya faɗi ta bakinsa kafin a shata. Alhusaini ya yi kwana biyu yana shela. A bakin rijiya ya kashe amsa-kuwwa kamar kullum. Hannu ya saba, kuma babu wanda ya tuna masa cewa mai kai saƙon ba ta duniya.

Ranar taro kowa tasa ta fisshe shi. Kowace unguwa ta ture burtali daga gonakinta, daga Gangare kuwa ko mutum ɗaya babu. Aka ja layi ta can. Gonar geron Hindatu, wadda take ci da jikokinta, aka raba ta biyu, aka kafa turakun siminti.

Alhusaini ya je ya amsa laifinsa a gaban sakatare. Sakatare ya ce takarda ta riga ta tafi Buza da sa hannun kowa. Alhusaini ya ba ni tausayi a ranar, ya kuma ba ni haushi.

Da hantsi washegari Mahamud, ƙanin Cima, ya same shi a ƙofar gida. Abokin wasansa ne, amma ranar ko zama bai yi ba.

"Inna ta aiko ni," in ji shi.

"Mi tac ce?"

"Ta ce kar ka damu da gona, abin da anka yi an yi. Ta ce tun da ka auri ɗiyarta ba ta taɓa jin muryarka ƙohwar gidanta ba. Wai samun suruki irinka sai an tona."

Alhusaini ya ce a gaishe ta. Da damina ta faɗi, rabin gonar aka shuka.